Feda na girgiɗi, kaca na zamewa: amsa ga mahaifin da ya sayo wa ɗansa keken BMX

Tambayar ta fito ne daga wani bawan Allah mazaunin Yelwa, nan Bauchi. Ya sayo wa ɗansa mai shekara 14 keken BMX na hannu, wato ƙaramin keken wasan tsalle-tsalle, irin waɗanda ake shigowa da su daga waje. Ba a rufa wata biyu ba feda ta fara girgiɗi, ana jin ƙas-ƙas duk lokacin da yaron ya miƙe tsaye yana takawa, kaca kuma sai ta riƙa zamewa. Ya kai wa mai gyara aka ce masa a liƙe farantin gaba, wato faifan nan mai haƙora da ke jan kaca, da walda kowa ya huta. Shi kuma yaron ya kafe sai an sa masa ɗan ƙaramin faranti irin na masu wasa da yake gani a waya. Yana son ya sani: a yi waldar? Ƙaramin farantin zai shiga? Me ya kamata ya saya?

Malam, Allah ya raya yaron. Waldar nan dai kada ka yarda a yi ta, sauran bayanin kuma ga shi.

Na daɗe ina gyaran keke a garin nan, kuma yawancin BMX da aka taɓa kawo mini a lalace, ba yaran da ke hawa ne suka lalata su ba, guduma ce. Mu nan da Phoenix da Raleigh muka koyi sana'a. A waɗancan kekuna kotafin ke riƙe hannun feda, kuma kotafin da duka ake fitar da shi, da duka ake mayar da shi. Hannu ya riga ya saba. Sai a kawo wa mutum keken da ba a yi shi don duka ba, ya ɗauki gudumar da ya gada wurin maigidansa ya hau shi. Kafin a taɓa wannan keken da kowane ƙarfe, sai an san wane iri ne, domin abin da ake kira BMX ba iri ɗaya ba ne, kayan wani ba sa shiga wani.

Ka kifa keken, sirdi da kan keken a ƙasa, ka dubi hannun feda, wato ƙarfen da feda ke ɗaure a bakinsa, wanda muke ce wa kirank. In ka ga ƙarfe ɗaya ne tal, ya taso daga fedar dama ya lanƙwasa ya ratsa ramin gindin keken ya fito ya sake lanƙwasawa zuwa fedar hagu, babu mahaɗi ko ɗaya, to kirank mai guda ɗaya ke nan. Turawa na kiransa Ashtabula, sunan wani gari a jihar Ohayo ta Amurka inda aka yi ta ƙera shi. Raminsa babba ne, faɗinsa milimita 51.3, don sai da faɗin ne lanƙwasar za ta iya wucewa. In kuma ka ga hannu biyu ne daban-daban, kowanne an cusa shi a bakin wani aksul mai kauri an ɗaure da bol na alanki, to mai guda uku ke nan: hannu biyu da aksul. Akwai na uku wanda ya cika gari, kekunan yara masu araha da aka rubuta wa BMX a jiki amma gindinsu na keken gida ne, aksul mai baki murabba'i. Shi wannan duk mai gyara ya san shi. Abu ɗaya kawai zan ce a kansa: in an hau shi da noti a kwance har ramin hannun ya zama zagaye, ya tashi aiki, cusa gwangwanin madara ba zai yi sati ba.

Ban ga kekenka ba, don haka zan bi biyun farko ɗaya bayan ɗaya. Amma tukuna ka tabbatar daga ina girgiɗin yake. Kama hannun feda, ba fedar kanta ba, ka jijjiga shi ciki da waje, wato zuwa jikin keken da barinsa. In duka hannu biyu suna motsi tare, matsalar a boris take. In hannu ɗaya ne ke rawa ɗayan yana tsaye, to wannan hannun ne ya saki aksul. In hannu bai motsa ba sam, sai feda ce ke kaɗawa a kan sandarta, ka ci riba, feda kawai za ka canza. Shi kuwa ƙas-ƙas maƙaryaci ne. Na sha kwance gindin keke gaba ɗaya ina neman ƙara, daga baya na gano sandar sirdi ce ta bushe. Shi ya sa nake tambaya ko ƙarar na nan in yaro ya tashi daga sirdi. Kai ka riga ka ce a tsaye ake jin ta, saboda haka sirdi ya fita daga zargi. Saura feda, da bol ɗin faranti, da boris.

Mu fara da mai guda ɗaya, tunda shi ya fi yawa a kekunan hannu da ake saya wa yara. Kwance shi ba ya buƙatar komai sai babbar sifana da haƙuri, amma akwai tarko: duk abin da ke gefen hagu bahagon tiredi ne. Fedar hagu, da babban notin da ke bayanta, da kwan, wato notin nan mai tsukakken baki da ke danne boris, dukkansu in za ka kwance sai ka juya su yadda hannun agogo ke tafiya, wato ɓangaren da hannunka ya saba ɗaurewa. An yi haka ne da gangan don kada takawa ta riƙa warware su. Na taɓa ganin wani saurayi ya ɗora dogon fayif a kan sifana yana hawa da ƙafa, gumi na zuba, wai notin ya ci tsatsa. Ba tsatsa ba ce, ɗaurewa yake ta yi. Kafin in ƙaraso wurin tiredin ya lashe.

Ka cire fedar hagu, ka kwance notin, za ka ga wata siririyar washa mai ɗan harshe a cikinta wanda ke zaune a wata tsaga a jikin aksul. Ajiye ta inda ba za ta ɓata ba, ita ke hana kwan juyawa lokacin da ake ɗaure noti. Sai kwan, sai kwandon boris. Daga nan ka sauke kaca, ka karkata kirank ɗin ka zare shi ta gefen dama a hankali, kamar yadda ake zare ƙugiya. Wanke komai da kalanzir ka fita da shi rana ka duba. Hanyar da boris ke bi a jikin kwan da kofi, wato mazaunin boris a bakin ramin, ya kamata ta zama layi ɗaya mai sheƙi, sumul. In ka ja farce a kai ka ji yana sarƙewa a ƙananan ramuka kamar zanzana, ya mutu, giris ba ya tayar da shi. Yawancin irin wannan gindin kwandonsa na ɗaukar ƙwayar boris 10 a kowane gefe, masu girman inci 5/16, tiredinsa kuma zare 24 a inci ɗaya. Amma tsofaffin kekunan Schwinn nasu zare 28 ne da ƙwaya 9, kuma ido ba zai raba maka su ba sai ka zo ɗaurawa. Saboda haka in za ka kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal neman sabo, ka tafi da tsohon kirank ɗin a hannu a gwada a gabanka. Zuwa da kai ya fi saƙo.

A irin wannan kirank, farantin ba shi da bol. Akwai wani ɗan tsinin ƙarfe a jikin hannun dama da ke shiga wani rami a farantin, shi ke jan sa. Kwan ɗin dama kuma, wanda tiredinsa na dama ne kamar kowane noti, shi ke matse farantin da jikin hannun. In wannan kwan ya saki, faranti zai riƙa rawa, kaca ta riƙa zamewa, a ji ƙas duk takawa ɗaya saboda tsinin na dukan bakin raminsa. Ina kyautata zaton abin da mai gyaranka ya gani ke nan ya ce a yi walda. Maganinsa a ɗaure kwan ɗin tamau a bayis, aikin minti biyar. In ramin ya riga ya zama doguwar kafa, a canza faranti.

Wurin mayarwa, cika kofi da giris har sai ya yi ambaliya. Kwandon boris yana da gaba da baya. Kafin ka sa, haɗa kofi da kwando da kwan a tafin hannunka ka murza. In ƙwayoyin ne ke gudu za ka ji laushi, in ƙarfen kwandon ne ke gogar wani abu to ka juya shi. Ɗaure kwan ɗin hagu da hannu har girgiɗi ya ɓace, ka ɗan dawo da shi baya kaɗan, ka sa washa mai harshe, ka ɗaure noti. Dalilin dawowar shi ne noti in ya zauna yana ƙara matse kwan. Ba lallai ka dace a karon farko ba, ni ma wani lokaci sai na yi sau uku. Abin da ake nema, ka wulwula kirank ya yi ta juyawa shi kaɗai, ka jijjiga kuma ka ji shi gam.

To, mai guda uku. A nan ne ake asarar kuɗi, don a nan ne ake saye da ka. Abu uku za ka auna, kuma rula ba za ta wadatar ba. Ka roƙi masu injin feƙe ƙarfe su auna maka da kalifa, ma'aunin nan nasu mai baki biyu. Na farko kaurin aksul: ko milimita 19, ko 22, ko 24. Na biyu yawan tsagar da ke bakin aksul inda hannu ke zama: yawancin kekunan da ake sayarwa a haɗe 8 ne, masu tsada kuma 48, salon da kamfanin Profile Racing na Amurka ya yi suna da shi. Na uku faɗin ramin gindin keken. Bayan babban ramin nan na 51.3 da ake kira Amerikan, akwai wanda ake kira Mid, milimita 41.2, wanda shi ne a yawancin kekunan wasa na yanzu. Akwai Sifanish, milimita 37. Akwai Yuro, wanda shi kaɗai ne mai tiredi a ciki, irin na keken gida, an fi ganinsa a kekunan tsere. A Mid da Sifanish boris rufaffe ne, ana danna shi kai tsaye cikin ramin, ba kofi ba kwando. Ba a gyara shi, ba a ƙara masa ƙwaya. In ka sa yatsa ka juya ka ji gurr-gurr kamar akwai yashi, sai sabo.

Ga wani abu da zai rage maka wahala. Boris ɗin Mid na aksul 19 ba na keke ba ne kaɗai, boris ne na injuna mai lamba R12, cikinsa inci 3/4, wajensa inci 1 da 5/8. Wurin masu sayar da boris na injin niƙa da janareto ya kamata ka tambaya, ka ce mai rufin roba gefe biyu. Amma ka yi hattara, in babu shi za a miƙo maka 6004 a ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne: 6004 cikinsa 20, wajensa 42. A ido kamar tagwaye, amma kama da wane ba ta wane. An taɓa kawo mini keken da aka buga wa 6004 da ƙarfin tsiya. Bakin ramin ya buɗe kamar bakin tulu, aksul kuma yana yawo a ciki da milimita guda. Da na samo na daidai na sa, sai ya faɗa ciki da kansa ba dannawa, ramin ya riga ya saki. Firam ɗin lafiyayye, fentinsa ko ƙwarzane babu, amma ya zama na rataya. Haka 6904 yake yaudarar mutane a Sifanish: wajensa 37 daidai, cikinsa 20.

Kwancewa: in akwai ƙananan bol da ke matse bakin hannun ta gefe, fara sassauta su. Sannan ka kwance babban bol na bakin aksul zagaye uku ko huɗu kawai, kada ka fitar da shi, ka ɗora katako a kansa ka ƙwanƙwasa har aksul ya fara ja da baya. Ka lura na ce katako. In ka doki bakin aksul da ƙarfe tsirara zai baje kamar kan tsohuwar kurfi, tsagar ta lanƙwashe, hannu ba zai sake shiga ba. In ka zare aksul ka leƙa ramin za ka ga wani ɗan bututu a kwance tsakanin boris biyu. Ture shi gefe da yatsa, ka zura sandar ƙarfe ka riƙa taɓa bayan boris ɗin can gefe, nan kaɗan can kaɗan kana zagayawa, har ya fito a miƙe.

Wannan bututun zan ɗan tsaya a kansa, domin shi ne abin da aka fi jefarwa. Mai gyara zai gan shi yana yawo a ciki, ba ya riƙe komai, ya ce tarkace ne. Alhali shi ke tokare zoben ciki na boris biyu. In ka ɗaure bol na aksul, ƙarfin matsin yana bi ta hannun dama, ya bi ta zoben boris, ya bi ta bututun, ya fita ta ɗaya gefen, ƙwayoyin ba su ji komai ba. In babu shi, duk matsin a kan ƙwayoyin zai sauka ta gefe, inda ba a yi su don ɗauka ba. Sai ka ga in an ɗaure sosai kirank ya ƙi juyawa, in an sassauta ya yi girgiɗi, babu tsakiya. Mai gyara sai ya zaɓi sassautawa don keke ya tafi, bayan sati biyu a dawo da hannu yana rawa, tsagar ta fara cinyewa. In na ji an ce keke na hannu ya fara girgiɗi jim kaɗan da saye, abin da nake fara leƙawa ke nan. In ya ɓata, masu feƙe ƙarfe za su yanka maka wani daga fayif mai kauri. Tsawonsa ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin boris biyu in sun zauna a mazauninsu, ko ya ɗara da kamar kaurin takarda, bakinsa kuma a miƙe ba a karkace ba.

Sa sabon boris ba da duka ba ne. Nemi dogon bol mai tiredi daga sama har ƙasa, da manyan washa masu kauri, da noti. Shafa giris a ramin, ɗora boris a miƙe, ɗora tsohon boris a kansa don matsin ya sauka a zoben waje, ka zura bol ɗin ka riƙa ɗaurewa a hankali. In ya fara shiga a karkace, tsaya ka fitar ka sake. Kada ka manta ka jefa bututun kafin ka danna na biyu. Ba wanda bai taɓa mantawa ba, har da ni, kuma fitar da sabon boris yakan raunata shi.

Jerin kayan daga dama shi ne hannu, faranti, siraran washa, murfin boris mai siffar mazurari, boris, bututu, boris, murfi, washa, hannun hagu. Ramin tsakiyar yawancin faranti inci 15/16 ne, wato milimita 23.8, girman kirank mai guda ɗaya. Don haka a kan aksul 19 ko 22 dole sai da wata washa mai kafaɗa, kamar hula mai baki, wadda ke cike gurbin. Ita ma ana yawan yar da ita. In babu ta, faranti ba zai zauna a tsakiya ba, zai riƙa juyawa kamar ƙwai: rabin zagaye kaca ta yi tauri kamar tsirkiya, rabin zagaye ta yi lakwaf ta faɗi. Bol guda ɗaya da ke ɗaure faranti da bayan hannu ba aikinsa ba ne ya tsayar da shi a tsakiya, aikinsa ja ne kawai. Shafa giris a tsagar aksul kafin ka cusa hannu. In mai tsaga 8 ne ba za ka yi kuskure ba, don tsallake ɗaya digiri 45 ne, makaho ma zai gani. Mai 48 kuwa tsallake ɗaya digiri 7.5 ne kacal. Ja baya ka hango hannu biyun daga nesa ka tabbatar sun zama layi ɗaya, in ba haka ba yaro zai ce keken na ɗingishi ya rasa dalili.

Yanzu ka ga abin da ya sa na hana walda. Faranti kayan ci ne, kamar takalmin birki, ana so in ya cinye a cire a sa wani. In an liƙe shi, ranar da haƙoransa suka ƙare sai a zubar da kirank gaba ɗaya. Zafin walda kuma yana karkata shi, kacar da ake son ta daina zamewa ta ƙara zamewa. Yawancin farantan zamani ma alminiyam ne, ba ya kama ƙarfe da waldar bakin titi. Sannan hannun feda mai kyau bututun ƙarfe ne da ake kira kuromoli 4130, wanda sau da yawa an gasa shi a masana'anta don ya yi ƙarfi. Wutar walda na kashe wannan gashin a daidai inda ta taɓa. Ba a kan hanyar makaranta zai karye ba, sai ranar da yaro ya yi tsalle ya diro da duk nauyinsa a kan feda. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Haka in ka ga tsaga, ko da siririya ce kamar gashi, kusa da ramin feda ko kusa da aksul, wannan hannun ya gama aiki.

Sai maganar ƙaramin faranti. Yaron bai yi ƙarya ba, haka masu wasa suke yi yanzu, kuma da dalili: babban faranti yana dukan bakin dakali ko ƙarfe in an hau, ya lanƙwashe, ƙarami kuwa yana ɓuya. Sai dai ya ga gaba bai ga baya ba. Tun da aka fara wasan nan a Kalifoniya wajen farkon shekarun 1970, har ya kai ga shiga gasar Olamfik a Beijin a 2008, lissafin giyar BMX mai taya inci 20 bai yi nisa da wuri ɗaya ba. Na da, haƙori 44 a gaba, 16 a baya: taka feda zagaye ɗaya, taya ta juya sau 2.75, keke ya ci ƙasa mita 4 da ɗoriya. Na yanzu 25 a gaba, 9 a baya, wanda ya ba da 2.78. Kusan abu ɗaya ne, an dai rage duka biyun tare. A tsakani akwai 39 da 14, da 36 da 13, da 33 da 12, da 30 da 11, da 28 da 10, duk lissafinsu na zagaye wuri guda.

In ka sa 25 a gaba ka bar 16 a baya, taya za ta juya sau ɗaya da rabi da ɗan kai, wajen mita 2 da rabi. Yaro zai yi ta wulwula ƙafa kamar mai keken ɗinki, mai tafiya da sauri a ƙasa yana biye da shi. Kuma ba za ka ce a sa 9 a baya kawai ba. Firwil, wato haƙoran baya, irin wanda ake murzawa a kan hob (cibiyar taya) na gama-gari, ba ya yin ƙasa da haƙori 16, saboda tiredin da yake hawa ya fi ƙaramin da'ira faɗi. Akwai hob mai ƙaramin tiredi a ɗaya gefen da ke karɓar 13 zuwa 15; juya tayar bayan ka duba, in kana da shi za ka iya sauka zuwa 36 da 13. Amma 9 sai hob na daban da ake kira kaset, wanda haƙoran a jikinsa suke. Ma'ana sabuwar tayar baya, ko a warware wayoyi a sake ɗinka rim a kan sabon hob. A wasu tsofaffin firam ma, inda birkin baya ke zaune a kan ƙarfen da kaca ke bi ta samansa, ƙaramin faranti na sauko da kaca ta riƙa gogar birkin. Ga shi kuma ƙaramin faranti yana ɗora wa kaca ja kusan ninki biyu na babba, haƙora kaɗan ke ɗaukar nauyin, don haka a ƙurarmu ta hunturu ya fi saurin cinyewa.

Ra'ayina, in yaron makaranta da aike yake zuwa da shi, yana ɗan ɗaga gaba a layi da yamma, a bar masa giyar da keken ya zo da ita. In ka ga da gaske yake, ya fara hawa dakali yana lanƙwasa faranti, a lokacin a tara kuɗi a sayi tayar baya da faranti da kaca rana ɗaya. Haka nan in kirank ɗinsa mai guda ɗaya ne kuma ya fara lanƙwasa shi, ana iya mayar da babban ramin ya karɓi mai guda uku, akwai kofuna na musamman don haka. Sai dai ka sa kuɗin feda a lissafi, domin ramin feda a mai guda ɗaya inci 1/2 ne, a mai guda uku 9/16, ba sa musaya.

Kaca kuwa kada a sa mata sabon faranti ba a auna ta ba. Ta BMX ɗin wasa faɗinta inci 1/8 ne, irin ta Phoenix, ba siririyar keke mai giya ba. Wannan kam ko'ina akwai ta. Ja ta ta miƙe, ka ɗora rula daga tsakiyar wani fin. A sabuwar kaca, inci 12 zai faɗa daidai tsakiyar wani fin. In ya zarce da 1/16, canza kaca. In ya kai 1/8, ta riga ta ci haƙoran gaba da baya, za ka ga sun karkata sun yi tsini kamar bakin shaho, sai a canza duka ukun, in ba haka ba tsohon zai cinye sabon. Bayan an haɗa, tsuguna ta baya ka hango kacar: ta tafi a miƙe daga firwil zuwa faranti. In ta karkata, da siraran washa ɗin nan ake gyarawa, a ɗauke ɗaya daga wannan gefe a mayar wancan, muddin faranti bai taɓa firam ba. Wurin ja, juya feda a hankali ka nemo inda kacar ta fi tauri, don ba farantin da yake da'ira cikakkiya, a nan za ka bar mata wasa kamar santimita ɗaya sama da ƙasa, sannan ka ɗaure notin taya kaɗan-kaɗan, dama da hagu, kana duba tayar ba ta karkace ba.

Baƙin mai na mota da ake zuba wa kaca yana kama ƙura ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Ɗigo kaɗan na mai mai tsabta, a goge sauran da tsumma, ya fi. Kada a kai keken wurin wankin mota a harba masa ruwan inji a gindi, yana kutsawa bayan rufin boris ya kore giris. Kuma ko wa ya yi aikin, ka sayi alanki mai girman bol ɗin aksul ka ba yaron ya riƙe. Sabon haɗi yakan zauna bayan hawa biyu ko uku, bol ya ɗan saki. Ya sake ɗaurewa a ranar farko da ta uku, daga nan duk Juma'a kafin ya fita ya kama hannun feda ya jijjiga. In ya ji motsi ko kaɗan, ya sauka ya turo shi gida.